Tankar yaƙi da tuta a hannu, daga Bovington

Assalamu alaikum jama'a, yau ina gidan tarihin tankokin yaƙi na Bovington a Dorset, kudancin Ingila, jirgin ƙasa na hawo daga Waterloo na sauka a Wool, to ku matso ku gani. Wannan ƙatuwar da ke bayana Mark IV ce ta yaƙin duniya na ɗaya, mutum takwas ake cusawa a ciki, injin kuma yana nan tsakiyarsu ba wani shamaki, ga hayaƙi ga zafi ga ƙara, ko wanda ke kusa da kai baya jin me kake cewa, sai dai a buga sifana a jikin ƙarfe a yi nuni da yatsu. To wanda bai iya magana da na gefensa ba, ta ina zai yi da wata tankar can nesa, ko sojan ƙasa da ke binsa a baya?

Tuta ce wlh, ƙyalle a jikin sanda.

Turawan Ingila suna da guda uku da sojan ƙasa dole ya haddace. In ka ga kore da fari, ana cewa ku taho hanya ta buɗe. Ja da ruwan ɗorawa, na lalace ku wuce kar ku jira ni. Ja da fari da shuɗi kuma, tamu ce tana dawowa, don Allah kar a harbe ta. In saƙon na hedikwata ne sai a ɗaura wa tattabara a ƙafa a sake ta ta wata ƴar kafa a gefen tankar, eh tattabara dai irin ta gida. Daga baya Mark V ta zo da wasu hannuwa na ƙarfe a kan rufi da ake juyawa daga ciki a aika saƙo da su, don kar mutum ya leƙo.

Shi leƙowar nan ai shine matsalar gaba ɗaya, kun gane ko, kafin ka kaɗa tuta sai ka buɗe murfi ka fito da hannu, wani lokacin har kai da kafaɗa, alhali harsashi na ta yawo, kuma ƙura ko hayaƙi ya tashi ba mai ganinka, dare yayi shikenan magana ta ƙare, sannan abokin gaba shima yana da ido, duk tankar da yaga tana kaɗa tuta ya san oga na ciki, ita zai fara nema.

Ku zo nan kusa da na Faransa. A 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, tankokinsu da yawa sun fi na Jamus kaurin sulke, amma ƙananan irinsu R35 mafi yawa ba oba-oba, kuma mutum ɗaya ne a cikin hasumiyar, wato kan tankar mai juyawa inda bindiga take, shi zai duba hanya, shi zai ɗura harsashi, shi zai harba, kuma wai shi zai kaɗa tuta, haba dai. Jamusawa kuwa janar ɗinsu Guderian tsohon jami'in sadarwa ne, ya nace kowace tanka a saka mata rediyo ko da na saurare ne kawai. A ganina nan aka ci yaƙin, ba a bakin bindiga ba.

Rasha ma haka a 1941, T-34 ɗin da ake ta yabo, galibi ta kwamanda ce kaɗai mai rediyo, sauran suna binsa suna kallon tutarsa, shi yasa Jamusawa suka ce suna tafiya a dunƙule kamar kaza da ƴaƴanta. A kashe ta gaba, saura su rasa inda zasu nufa.

Bari in zagaya ta can in nuna muku Tiger 131, tankar Jamus, an ce layin yayi sauƙi yanzu.