Ilimi kyauta, amma wa ke biya?

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Bari mu fara da yadda harkar buga maƙalun bincike ke tafiya. Masani zai yi bincike, galibi da kuɗin gwamnati, wato harajin jama'a. Ya rubuta maƙala ya miƙa wa mujalla, ba a ba shi ko sisi ba. Takwarorinsa da ke tantance ta su ma aikin lada suke yi. Sai kamfanin ɗab'i ya buga, ya juyo ya sayar wa laburaren jami'ar da ke biyan masanin albashi. Ribar kamfani irin Elsevier takan haura kashi 30 cikin ɗari. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi ke nan.

Masana sun daɗe da ƙosawa. A 1991 Paul Ginsparg ya kafa arXiv, rumbun intanet da masu binciken fiziks ke ajiye maƙalunsu tun kafin mujalla ta buga. A 2002 sanarwar Budapest ta nemi a bar kowa ya karanta bincike kyauta. A 2018 wasu hukumomin Turai masu ba da tallafi suka fito da Plan S: in mun ba ka kuɗinmu, dole ka buɗe sakamakon.

To, a nan nake so ku kasa kunne. Kamfanonin ba su yi asara ba, wurin karɓar kuɗin kawai suka sauya. Da mai karatu ke biya, yanzu marubuci. A 2021 mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a kan maƙala guda. Malamin da jami'arsa ba ta da ƙarfi, da ba ya iya karantawa, yanzu yana karantawa amma ba ya iya bugawa. Akan yafe wa wasu ƙasashe kuɗin, gaskiya ne, sai dai alfarma ce, mai yinta yana iya janyewa. Kuma ta wannan ƙofar mujallun bogi suka shigo: turo kuɗi, a buga maka ba tantancewa.

Ni dai tsarin Latin Amurka ya fi kwanta mini. Can jami'o'i da gwamnatoci ke ɗaukar nauyin yawancin mujallu, ga SciELO, dandalin intanet na karanta mujallu kyauta, da ya faro daga Brazil. Abin da ke hana wannan tsari yaɗuwa yana hannunmu: kwamitin ƙarin girma ya fi duba sunan mujalla a kan abin da aka rubuta. Muddin haka ake yi, matashin malami zai ci bashi ya biya.

Zan dakata nan, a kawo tambayoyi.