Me Ya Sa Poland Ta Matso Kusa da Jamus, Meksiko Kuwa Ba Ta Kamo Amurka Ba?

Ku dubi ƙasashen nan biyu. Ga Meksiko, wadda yarjejeniyar cinikayyarta da Amurka da Kanada, wato NAFTA, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1994. Ga kuma Poland, wadda ta shiga Tarayyar Turai ranar 1 ga Mayun 2004. Kowaccensu maƙwabciyar attajirai ce, kuma kowacce an ce mata da zarar an buɗe iyaka arziki zai kwararo.

A 2004, abin da ɗan Poland ke samarwa a shekara, in aka auna da abin da kuɗin ke iya saya, kusan rabin matsakaicin na Tarayyar ne. Yau ya kusa kashi 80 cikin 100. Ɗan Meksiko kuwa yana wajen kashi ɗaya cikin uku na Ba'amurke tun farkon NAFTA, kuma bayan shekara 30 bai matsa gaba ba.

A takarda, lissafin mai sauƙi ne. Inda jari ya yi ƙaranci, albashi kuma ya yi ƙasa, riba ta fi tsoka, don haka masu kuɗi za su kai masana'antu can. Amma tafiyar ta hawainiya ce. Masana biyu, Robert Barro da Xavier Sala-i-Martin, sun gano cewa giɓin yakan ragu da kimanin kashi 2 cikin 100 a shekara, wato sai an yi shekara 35 kafin a cike rabinsa, shi ma in komai ya tafi daidai.

To me Poland ta samu bayan cire kuɗin fito? Da farko kuɗi, tsaba. Ƙa'idar Tarayyar ita ce duk yankin da bai kai kashi 75 cikin 100 na matsakaici ba, ana iya biya masa har kashi 85 na kuɗin aikin hanya, layin dogo ko ruwan famfo, shi kuma ya cika sauran. Tsakanin 2014 da 2020 kaɗai an ware wa Poland sama da Yuro biliyan 70. Babbar hanyar A2 ta haɗa Warsaw da Poznań har iyakar Jamus, don haka tirela kan ɗauko kayan gyaran mota da safe, ta sauke a masana'antar Jamus kafin dare, ba shingen kwastam. Wannan shi ne abin da kamfani ke dubawa kafin ya kafa tubali.

Sai kuma doka. Kafin a karɓe ta, sai da Poland ta shigar da dokokin Tarayyar cikin nata, daga ingancin madara har zuwa yadda ake ba da kwangila. Mai zuba jari ya san in rigima ta taso akwai kotun da ta fi gwamnatin ƙasar. Mutane ma an buɗe musu ƙofa: Birtaniya da Ireland da Suwidin sun karɓi ma'aikatan Poland tun 2004, Jamus da Ostiriya suka ja har 2011. Da ma'aikata suka yi ƙaranci a gida, dole albashi ya tashi. Kada dai a ɗauka shiga Tarayyar laya ce: Girka na ciki tun 1981, amma bashi ya zabge kusan rubu'in tattalin arzikinta bayan 2008.

NAFTA ba ta zo da asusu irin wancan ba, kuma ba ta buɗe wa leburori iyaka ba. Kaya na wucewa, mutum bai wucewa. Shekarar farko ba ta ƙare ba kuɗin Meksiko, wato peso, ya faɗi warwas, a Disambar 1994. Masana'antu sun zo, ba shakka, amma sun taru a arewa, irin su Monterrey da Tijuana da Ciudad Juárez, da tsakiyar ƙasar, suka bar jihohin kudu kamar Chiapas da Oaxaca a baya. Da yawansu haɗa kaya kawai suke yi: a shigo da sassa, a ɗaura, a mayar Amurka, abin da ke zama a gida sai ladan aiki. Ƙaramin manomin masara ya tsinci kansa yana gogayya da masarar Amurka mai tallafin gwamnati, kuma a 2008 aka cire sauran kariyar da ta rage masa. China ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a 2001, ta ƙwace kasuwar tufafi da kayan lantarki masu araha. Har yanzu fiye da rabin ma'aikatan Meksiko ba su da rajista, ba fansho, ba bashin banki.

A Yulin 2020 aka maye gurbin NAFTA da sabuwar yarjejeniya mai suna USMCA. Yarjejeniyar ta ce kafin mota ta shiga ba haraji, sai kashi 75 cikin 100 nata an ƙera shi a ƙasashen uku, maimakon 62.5 na da, kuma kashi 40 dole ya fito daga masana'antun da ke biyan aƙalla dala 16 a awa. Mafi yawan masu biyan haka suna Amurka ne da Kanada.