A Duba Kare Tun Yana Kan Ƙafafunsa

Laccar da wani likitan dabbobi ya yi wa mafarauta da makiyaya a wani ƙauye kusa da Ringim, kamar yadda aka ɗauko ta daga faifai.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Dagaci, Sarkin Baka, iyayena da 'yan uwana, sannunku da fitowa. Na baya ku matso, inuwar dalbejiyar nan ta ishe mu duka.

Abu uku na zo da su. Na farko, ba sai kare ya kwanta ake kai shi asibitin dabbobi ba. Sa ya ƙi cin dusa yini guda, kafin la'asar an neme ni. Amma karen da ke kwana yana gadin san, ba mai duba shi. Ko sau ɗaya a shekara ku kawo shi, yana tafiya da ƙafarsa. Mu ɗaga leɓensa mu ga dasashi. Idan ja ne, madalla. Idan ya yi fari fat, akwai abin da ke shan jininsa, ko kaska ko tsutsar ciki. Mu leƙa kunne, mu buɗe tsakanin yatsu inda kaska ke maƙalewa, mu auna zafin jiki, wanda na mai lafiya ke tsakanin digiri 38 da 39. Sannan mu yi masa allura.

To, allurar nan. Ku ba ni hankalinku, don ita ce ta fito da ni daga gida. Ciwon haukan kare, in ya bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yara, jama'a! Su ke wasa da kwikwiyo, su ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron faɗa.

Na taɓa ganin yaro ɗan shekara 8. Cizon a idon sawu ne, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Aka shafa toka, ya warke, aka manta. Bayan wata biyu uwarsa ta miƙa masa moɗa, yana jin ƙishi, amma da ya ga ruwan sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture moɗar yana kakari. Har yau ina jin ƙarar faɗuwar moɗar nan. Ƙwayar cutar tana cikin miyau, ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa, shi ya sa take jinkiri. Wannan jinkirin shi ke yaudararmu, shi ne kuma damarmu.

Kuma rigakafin ba sabo ba ne. Tun 1885 masanin kimiyya Louis Pasteur ya gwada shi a kan wani yaro a Faransa, yaron ya rayu. Ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita ake tunawa da cutar a duniya. Na karnuka a nan gida ake yin sa, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos. Kwikwiyo ya kai wata 3, a yi masa, sannan duk shekara. Duk shekara, na ce. Ku mafarauta kun ce karen bana shi ke maganin zomon bana, to allurar bana ma ita ke tsare karen bana. (Dariya.) Idan aka yi wa 7 cikin kowane karnuka 10 na gari, cutar ta rasa hanya.

Na uku... na biyu ko? Lokaci ya tafi. Maganin tsutsa duk wata 3. Kada a wanke kare da maganin feshin gona don kaska, kada a shafa masa baƙin mai don ƙazuwa, guba ne. Kwikwiyo mai amai da gudawar jini, a ware shi, a kawo shi ranar. Kuma a ba shi ruwa. Malam Liman na nan, ya fi ni sanin hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare.

Na'am Baba, ina ji.

(Wani dattijo: Likita, in kare ya ciji yaro, ba kashe shi za a yi ba?)

Allah ya ƙara girma, Baba. Yaron tukuna. A wanke wurin da sabulu, ana kwarara ruwa, minti 15 cur. Kada a ɗaure, kada a zuba toka. Daga nan sai asibiti a ranar, a fara allura, a kuma cika ta. Karen kuwa, in na gida ne kuma za a iya kama shi ba haɗari, a ɗaure shi kwana 10 ana ba shi abinci daga nesa. In ya cika kwanakin garau, alama ce mai kyau. Amma kada a jira kwana 10 kafin a kai yaron. In kuwa yana dalalar da miyau, yana cizon icce da ƙasa, ko muƙamuƙinsa ya saki, dole a kashe shi. Kada dai a fasa kan, kada a taɓa shi da hannu tsirara, a aiko mana, don da ƙwaƙwalwar ake gwaji. Sarkin Baka, karnuka nawa ke hannun mutanenka? A ƙirga mini kafin in tashi, in san yawan allurar da zan zo da ita ranar kasuwa.