An Sayar da Gidan Rediyo, Ina Mai Gabatarwa Ya Shiga?

[Hoto: hannu yana murɗa akwatin rediyo]

Lambar tashar tana nan, sunanta yana nan, har kiɗan buɗe shirin safe bai sauya ba. To in an sayar da gidan rediyo, me ke sa ma'aikata kuka? Tambayar da kuka yi ta aiko mana ke nan. Mu leƙa Amurka, inda abin ya fito ƙarara.

A 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a sabuwar dokar sadarwa. Kafin nan kamfani ɗaya ba ya wuce tashoshi 40 a duk faɗin ƙasar. Dokar ta cire wannan iyaka, ta kuma yarda mutum ya riƙe har tashoshi 8 a babban birni guda.

[Taswira: ɗigo-ɗigo suna ta ƙaruwa]

Ku dubi taswirar nan. Duk kamfani ɗaya ne, Clear Channel na jihar Texas. Cikin 'yan shekaru tashoshinsa sun haura 1,200.

Yanzu mu ɗan tsaya, don nan ne ake ruɗewa. Mutane na ɗauka in an sayi tasha, ko dai a rufe ta, ko a ci gaba yadda aka saba. Galibi ba a rufe ta. Abin da mai saye ya biya wa kuɗi shi ne lasisi da masu sauraro, saboda su ne ke kawo talla, don haka sau da yawa ba ya taɓa sunan da kuka saba da shi. Amma yawanci da bashi ya saya, kuma bashi ba ya jira. Wurin da ya fi sauƙin ragewa kuwa shi ne albashi.

[Hoto: ofisoshi, kujeru babu kowa]

A ce tashoshi shida ne a gari. Da, kowace na da injiniyanta, da akawunta, da ɗakin labarunta. Yanzu an tattara su a gini ɗaya, mutum guda na aikin shida.

Sai kuma muryar. Ku saurara da kyau. Mai gabatarwa yana zaune a wani birni mai nisa. Ya naɗi gaisuwa, ya faɗi yanayin garinku, ya ambaci sunan wani titi da aka rubuto masa. Maganar shirin awa huɗu ya gama ta cikin ɗan lokaci, kwamfuta ta jera ta a tsakanin waƙoƙi. Daga nan ya juya ya naɗa wa wani garin. Kai kana mota kana jin kamar ɗan unguwarku ne, alhali ɗakin watsa shirin a kulle yake.

Ni dai wannan ne ya fi ci mini rai. Mu da muka taso muna jin cigiyar yaro da sanarwar rasuwa a rediyo mun san amfanin a ce akwai mutum a zaune da zai karɓi takarda ya karanta nan take.

Wanda aka sallama fa? Da sai ya tsallaka titi ya nemi aiki a tashar da suke gogayya. Yanzu ita ma ta mai gidan da ya sallame shi ce. Ɗan kasuwa mai neman talla shi ma haka: ƙofa shida a da, yanzu teburi ɗaya zai je ciniki.

[Hoto: layin dogo cikin dusar ƙanƙara]

Garin Minot, jihar Dakota ta Arewa, 18 ga Janairu 2002. Cikin tsakar dare jirgin ƙasa ya kauce daga layi, iskar amoniya mai guba ta lulluɓe wani sashe na garin. Mutum ɗaya ya rasu, ɗaruruwa suka jikkata. 'Yan sanda sun yi ta kiran tashar KCJB, wadda aka ware don sanarwar gaggawa, ba a ɗauka ba, waƙoƙi na ta tafiya. Duk tashoshin kasuwanci shida na garin na Clear Channel ne. A yi adalci: kamfanin ya ce hukumomin garin ne ba su yi amfani da na'urar gargaɗi yadda ya kamata ba. Amma ko da hakan ne, a wannan daren mutane sun kunna rediyo suna neman wanda zai ce musu su rufe tagogi, ba su samu da wuri ba.

Sauran a gurguje. A Janairun 2009 kamfanin ya sallami ma'aikata 1,850. A 2014 ya sauya suna zuwa iHeartMedia. A 2018 ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashin kusan dala biliyan 20.

[Hoto: eriya ita kaɗai a fili]

Shekara guda kafin nan, a 2017, hukumar sadarwar Amurka ta soke ƙa'idar da ta wajabta wa kowace tasha ta riƙe babban ɗakin shirye-shirye a garin da take watsa wa ko kusa da shi.