Kafin ka zagi kamfanin layi, ka tambayi kwamfutarka

An rubuto daga faifan laccar da aka yi wa matasa masu koyon gyaran kwamfuta a Tudun Wada, Kaduna.

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Makon jiya wani mai shagon buga takardu a Kasuwar Barci ya kira ni rai a ɓace, wai intanet ta mutu, ga jama'a sun yi layi za a cike musu fom. Data kuwa ya saya har sau biyu. Da na isa, ko akwatin Wi-Fi ɗin ban taɓa ba. Na danna maɓallin Windows haɗe da R, na rubuta cmd, sai baƙin allon nan ya fito. Ya dafe kai ya ce, "Malam, ka ƙarasa ta ke nan!"

Allon nan ba dodo ba ne, wurin tambaya ne. Tambayar kuma daga ɗaki ake fara ta, sai zaure, sannan bakin titi.

Ɗaki tukuna. Rubuta ipconfig, ka duba lambar da ke gaban IPv4. In ta fara da 192.168, akwatin ya san da zamanka. In ka ga 169.254, kwamfutar ta roƙi lamba an yi mata shiru, sai ta laƙa wa kanta wadda ba za ta kai ta ko'ina ba. Rubuta ipconfig /release, ka bi shi da ipconfig /renew, ta sake roƙo.

Sai zaure, wato akwatin kansa. Lambarsa tana nan ƙasa kaɗan, a gaban Default Gateway. A yawancin ƙananan akwatunan Huawei 192.168.8.1 ce. Rubuta ping ka ɗora ta. Sallama 4 kwamfutar za ta yi. In an amsa biyu an bar biyu, rubuta netsh wlan show interfaces, ka ga kashi nawa cikin 100 sigina ke isowa. Ku da kuke ajiye akwati bayan firji, ga bangon bulo biyu a tsakani, me kuke so ya yi? Zangon Wi-Fi na 5 GHz ya fi gudu, amma na 2.4 ya fi shi ratsa bango.

Na mutuminmu duk lafiya lau. Sai na leƙa titi: ping 8.8.8.8, lambar Google ce. Amsa ta dawo tsaf, huɗu cif. Na rubuta ping google.com, ta ce ba ta san mai wannan suna ba. Kun ga inda gizo ke saƙa? Hanya a buɗe take, datarsa tana nan. Abin da ya kwanta shi ne DNS, mai juya suna ya koma lamba, kamar ɗan unguwar da kake tambaya ina ne gidan wane. Ashe yaron shagon ne ya cusa wata lambar DNS da hannu, ya gani a bidiyo wai tana ƙara gudu. Na cire ta, na sa 1.1.1.1 ta Cloudflare, na rubuta ipconfig /flushdns don ta manta tsofaffin amsoshin da ta riƙe. Kafin shayina ya huce, an cike fom na farko.

Na'am, ƙanwata, ɗaga murya. In kwamfutar Linux ce a kanta, ba Windows ba? Fara da rfkill list. Sau da yawa wani ne ya kashe Wi-Fi ɗin da maɓalli bai sani ba, zai nuna miki ko an toshe. Daga nan sai ip addr, shi ne madadin ipconfig. Ping ɗinku dai ba ya tsayawa da kansa, sai kin danna Ctrl da C.

Ga kiran la'asar can. In mun dawo, kowa ya buɗe tasa, mu gwada tracert, mai nuna hanyar da saƙo ke bi.