Dalilan Da Ke Sa Kyanwa Ta Ƙaurace Wa Cikin Gida

Assalamu alaikum. Jama'a masu sauraro, barkanku da zuwa. Tambayar da za mu tattauna a yau tana yawan fitowa daga bakin masu kiwon kyanwa, kuma galibi cikin ɓacin rai suke yin ta: kyanwar da ta yi shekara da shekaru tana kwana a ɗaki, me ya sa rana tsaka ta koma tsayawa a bakin ƙofa, ta ci abinci a gurguje ta fice, ko ma ta daina shigowa sai an ɗauko ta? Da yawa sukan ce butulci ne. Ni ban yarda da wannan fassarar ba, domin kyanwa ba ta barin wurin da hankalinta yake kwance haka kawai. Ko dai wani abu a ciki yana korar ta, ko wani abu a waje yana jan ta, ko kuma jikinta ne babu lafiya.

Kyanwar gida ta samo asali ne daga wata kyanwar daji da ke rayuwa a Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda masana suke kira Felis lybica. Kimanin shekara 10,000 da suka wuce, manoman farko suka fara tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin, ita kuma ta biyo ɓerayen. A tsibirin Saifurus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500 inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. Wannan kakar tata ita kaɗai take farauta, ita kaɗai take tsaron yankinta, kuma har yau halin bai bar jikokinta ba. Kare yakan bi mai shi duk inda ya koma, amma amincin kyanwa ya fi rataya a kan wurin da ta sani ciki da bai, ta san mafakarsa, ta san hanyar gudu idan ta ɓaci.

Da hanci take sanin wurin nan. Ku lura da ita idan ta shigo ɗaki: za ta goga kumatunta a ƙafar kujera, ta goga a kusurwar bango, ta zo ta goga a ƙwaurinku. A kumatun nan akwai wasu ƙananan wurare a cikin fata da ke fitar da wani ƙamshi wanda hancinmu ba ya ji, kuma da shi take sa wa kayan gida alamar cewa nan wurin zamanta ne. To, ranar da aka yi sabon fenti, aka sauya kujeru, aka wanke ko'ina da sinadari mai ƙarfi, aka bi da turaren fesawa, mu muna murna gida ya yi kyau, ita kuwa an goge mata duk alamominta, ta shigo ta tarar da baƙon wuri. Kyanwa ba ta son warin lemo da dangoginsa, wanda ake sakawa a sabulan goge ƙasa da yawa, haka nan hayaƙin sigari yana damun ta. Kunnenta ma haka yake, domin tana jin siririn sauti mai kaɗawa har kusan sau 64,000 a daƙiƙa ɗaya, alhali kunnen ɗan Adam ba ya wuce 20,000. Saboda haka wata sabuwar na'urar lantarki da muke ganin shiru take aiki, mai yiwuwa ita tana jin ƙararta dare da rana.

Abin da ya fi duka yawan korar kyanwa, a ganina, shi ne wata kyanwar ko wata dabbar da aka kawo gidan. Mutane sukan ce ai ba sa faɗa, alhali rikicin kuliyoyi ba kasafai yake kai wa ga yakushi ba. Ɗaya za ta kwanta a tsakiyar hanyar da ke zuwa wurin abinci, ta miƙe ƙafafu kamar mai hutawa, ta zuba wa ɗayar ido ba ƙiftawa. Ita kuma ɗayar ta tsaya, ta kwantar da kunnuwa, ta lashi hancinta, ta juya. An tare mata hanya ke nan, kuma idan haka ta ci gaba kullum, sai ta gwammace zaman waje. Sabon jariri, ko yaro mai jan wutsiya, ko wanda ya taɓa dukan ta a wani ɗaki, duk suna iya haifar da irin wannan. Duka dai ba ya koya wa kyanwa komai illa tsoron mai dukan da wurin da aka doke ta.

Yanzu ga batun da nake roƙon ku riƙe shi da muhimmanci, wato lafiyar jiki. Kyanwa gwana ce wajen ɓoye ciwo, domin a daji duk ƙaramar dabbar da ta nuna rauni ta zama abincin wata. Idan tana fama da ciwon mafitsara, duk sanda ta tsuguna a akwatin yashinta, wato wanda ake ajiye mata don fitsari da bahaya, sai ta ji zafi, sai ta ɗauka akwatin ne yake cutar da ita, ta fara neman waje. Muzurun da kuka ga yana ta tsugunawa yana yunƙuri yana kuka, fitsari ba ya fita, hanyar fitsarinsa ce mai yiwuwa ta toshe, kuma wannan yana iya kashe shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don haka a garzaya da shi wurin likitan dabbobi a ranar. Akwai kuma ƙuma. Wadda ake gani a jikin kyanwa kaɗan ce ƙwarai, domin macen ƙuma tana iya yin ƙwai har 50 a rana, kuma ƙwan da tsutsotsin suna zubewa ne a kafet da shimfiɗa. Shi ya sa za ku ga kyanwa tana tsallake ƙasa daga kujera zuwa tebur, daga baya ta bar ɗakin baki ɗaya. A nan sai na ja kunne: maganin ƙuma na karnuka mai ɗauke da sinadarin permethrin guba ne ga kyanwa, haka ma farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta.

Abubuwan da ke jan ta waje ba su da wuyar ganewa. Macen da ba a yi wa aikin hana haihuwa ba tana iya fara neman barbara tun tana wata 4 zuwa 6, kuma abin yakan dawo mata duk bayan mako biyu ko uku idan ba ta ɗauki ciki ba. Muzurun da ba a dandaƙe ba kuwa yakan yi kwanaki yana yawo. Wani lokaci kuma wani gidan ne ake ba ta abinci, ta samu wurin da babu hayaniya.

A shekarar 2013 ƙungiyoyin likitocin kyanwa suka fitar da ƙa'idojin muhallin da ya dace da ita, kuma abin da suka sa a gaba shi ne ta samu maɓoya tata ta kanta. Kwali mai ƙofa da aka ɗora a wuri mai tsayi ya wadatar. A raba wurin abinci da na ruwa da na bahaya, kuma idan kuliyoyin suna da yawa, kowace ta samu akwatin yashinta, a ƙara guda ɗaya a kai. Tunda da asuba da almuru ne farautarta take tashi, a riƙa yi mata wasa da zare ko gashin tsuntsu a waɗannan lokutan, sannan a ba ta abinci a ciki, ta yadda shigowa za ta zame mata abin ɗoki.

Abin da ba na so a yi shi ne a kamo ta da ƙarfi a rufe ƙofa ba tare da an gano abin da ya kore ta ba, domin tsoronta ƙaruwa zai yi, kuma damuwa ita kanta tana tayar wa kyanwa da ciwon mafitsara. A fara da kai ta wurin likita. Bayan haka a tuna abin da ya sauya a gidan a makon da ta fara gudu, a gyara shi. Sai a ajiye kwanon abincinta a bakin ƙofa, ƙofar a buɗe, kowace rana a matso da shi ciki kaɗan, kada kowa ya tare bayanta ko ya kai hannu zai ɗauke ta. Wata takan dawo cikin kwanaki, wata sai an yi makonni, musamman wadda ba ta saba da hannun mutane ba tun tana 'yar mako biyu zuwa bakwai, domin a wannan ɗan tsakanin ne kyanwa take koyon yarda da ɗan Adam. Wanda yake da tambaya game da tasa kyanwar, bismillah.