Sharhi: Wa ke auna ƙasar Bagega yanzu?

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau a kan gubar dalma ne a jihar Zamfara, da abin da ya kamata ya biyo bayan aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa.

A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF (Doctors Without Borders) suka lura yara ƙanana na ta suma da farfaɗiya suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Abare. Sama da yara 400 ne suka rasu. Musabbabin kuwa a tsakar gida yake. Ana ɗauko duwatsun zinariya daga rami a kawo gida, a niƙa a inji ko a daka a turmi, ƙurar ta lulluɓe ɗaki da kwanuka, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki.

Ita dalma ba ta wari, ba ta sauya launin ƙasa. Ka share gida tas, ka yayyafa ruwa, guba na nan daram. Shi ya sa masu aikin, ƙarƙashin jagorancin ƙwararrun kamfanin TerraGraphics daga Amurka, ba su yarda da abin da ido ya gani ba. Suna bin gida-gida da wata na'urar hannu mai suna XRF, a ɗora bakinta a ƙasa, nan take ta nuna yawan dalmar. Mizanin da aka sa a gaba shi ne miligiram 400 a kilo ɗaya na ƙasa, wanda hukumar kare muhalli ta Amurka ke aiki da shi a wancan lokaci. A wasu wuraren niƙa an samu fiye da 100,000. Inda dalmar ta yi yawa, sai a kankare saman ƙasar da fartanya, a zuba a buhu, a kai ramin da aka tanada a binne, a sake aunawa, sannan a shimfiɗa sabuwar ƙasa wadda ita ma sai da aka auna ta.

Wannan awo shi ne ya buɗe ƙofar magani. Likitoci sun ce ba amfanin wanke jinin yaro idan zai koma gidan da ya sha gubar. Saboda haka yaran Bagega, wani ƙauyen Anka da ba a kai ga tsabtace shi ba, suka yi ta jira har 2013, lokacin da gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin aikin bayan dogon jan ƙafa.

To, an kwashe ƙasa, an yaba. Amma ramukan zinariya ba su rufe ba, talauci bai tafi ba. Mai haƙa ya dawo da yamma da ƙura a riga da takalmi, wani ya ɓoye buhun dutse a ɗaki don tsoron ɓarayi, damina ta zaizaye sabuwar ƙasar da aka shimfiɗa. An ga gidajen da suka sake gurɓata bayan an tsabtace su. A 2015 ma annobar ta ɓulla a Shikira ta jihar Neja, yara 28 suka mutu. MSF ta miƙa aikin Zamfara ga hukumomin jiha a 2022, sannan a ƙarshen 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa jihar tun 2019.

Mun san matsalar tsaro ta sa shiga waɗannan ƙauyuka ya zama sai da shiri. Duk da haka, uzurin ba zai hana tambaya ba. Na'urorin awon nan suna hannun wa, kuma suna aiki? Yaushe aka yi awo na ƙarshe a Bagega? Ya kamata ma'aikatar muhalli ta jiha da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, su riƙa komawa bayan kowace damina, wanda ya yi aikin daban, wanda zai auna daban, a haɗa da gwajin jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Sakamakon kuma kada ya tsaya a ofis a Gusau ko Abuja. A karanta shi da Hausa a ƙofar hakimi, kowane maigida ya ji adadin da aka samu a tsakar gidansa.